Olamfik na Hunturu a Sarayebo, 1984: Yadda Aka Yi da Abin da Ya Biyo Baya

Tambaya: Na taso ina jin sunan Sarayebo a rediyo a matsayin garin yaƙi, inda aka yi wa mutanen Bosniya ƙawanya. Kwanan nan na ga hoton wata doguwar hanyar siminti mai lanƙwasa a cikin daji, duk an zane ta da fenti, aka ce ragowar filin Olamfik ce a garin. Shin da gaske an taɓa yin Olamfik a can? Ta yaya ƙasa mai bin tsarin gurguzu, wadda ba ta da wani arziki, ta samu wannan dama? Akwai ɗan Afirka da ya je? Kuma me ya samu wuraren wasan?

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa. Sarayebo ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta lokacin hunturu karo na 14, daga ranar 8 zuwa 19 ga Fabrairun 1984. Ƙasashe 49 suka hallara da 'yan wasa 1,272, aka fafata a kan lambobin zinare 39. A lokacin babu ƙasar Bosniya mai cin gashin kanta. Jamhuriya ce ɗaya daga cikin shida da suka haɗu suka zama Yugoslabiya. Hoton da ka gani na hanyar tseren bobsile ne a kan dutsen Trebević, wato magudanar da ake daskarar da ruwa a cikinta, mutum biyu ko huɗu su shiga wata 'yar mota marar taya su gangaro da gudun da ya haura kilomita 100 a awa.

Ga wanda bai saba ba, Olamfik iri biyu ce. Akwai ta bazara da muka fi sani, mai guje-guje da dambe da ƙwallon ƙafa, akwai kuma ta hunturu wadda duk wasanninta a kan ƙanƙara ko dusar ƙanƙara ake yin su. An fara ta a garin Chamonix na Faransa a 1924, kuma har zuwa 1992 a shekara ɗaya ake yin su biyun. Daga 1994 aka raba musu shekara.

Kafin ka fahimci yadda Sarayebo ta samu, sai ka san halin da Olamfik ke ciki a shekarun 1970. Ba ta da farin jini a wajen birane. An ba birnin Denver na Amurka gasar hunturu ta 1976, mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a a 1972 suka ce ba da kuɗinsu ba, dole aka mayar da ita Innsbruck ta Ostiriya. Montreal ta Kanada ta yi gasar bazara a 1976 ta fito da bashin da ta shekara talatin tana biya. Gasar hunturu ta 1980 kuwa ƙaramin garin Lake Placid ne kaɗai ya tsaya nema. A wannan yanayi Kwamitin Olamfik na Duniya ya zauna a Atina ranar 18 ga Mayun 1978, da birane uku a gabansa: Sapporo ta Japan, wadda ta riga ta yi gasar a 1972 kuma komai nata a shirye yake, da Gothenburg ta Suwidin, da Sarayebo. A zagayen farko Sapporo ce a gaba. Da aka fitar da Gothenburg aka sake zagaye, Sarayebo ta samu ƙuri'a 39, Sapporo 36.

Siyasa ta taimaka, wannan babu musu. Yugoslabiya ta Josip Broz Tito gurguzu take bi, amma ta ɓata da Mosko tun 1948, kuma a Belgrade aka kafa ƙungiyar ƙasashen 'yan ba-ruwanmu a 1961. Ƙasa ce da Gabas da Yamma duk za su iya zuwa ba tare da wani ya ji an ci fuskarsa ba. An ga amfanin haka daga baya: Amurka da ƙawayenta sun ƙaurace wa gasar Mosko ta 1980, Tarayyar Sobiyet ta rama a Los Angeles a bazarar 1984, amma Sarayebo da ta faɗo a tsakaninsu kowa ya je.

Sai dai abin da na ɗauka shi ne ainihin jarin garin, ƙasarsa ce. Sarayebo tana kwance a wani siririn kwari a gefen kogin Miljacka, kamar tuwo a cikin akushi, duwatsu sun zagaye ta ta kowace fuska. Trebević a kan garin yake tsaye, daga tsohuwar kasuwar Baščaršija da masallacin Gazi Husrev-beg, wanda aka gina tun wajajen 1530 zamanin Daular Usmaniyya, mutum yana hango shi. Igman da Bjelašnica suna kudu maso yamma, Jahorina tana kudu maso gabas, duk cikin tazarar kilomita 30 ko abin da bai kai ba. Samun babban birni mai filin jirgin sama da otal-otal, ga kuma duwatsun wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a bakin ƙofarsa, abu ne mai wuya a duniya. Shirin Suwidin ya warwatsa wasannin a garuruwa masu nisan ɗaruruwan kilomita da juna. Ka riƙe wannan batu na duwatsu, domin da shi za a gane kashi na ƙarshe na tambayarka.

Aikin da aka yi cikin shekara shida ba ƙarami ba ne. Kusan komai daga tushe aka gina shi: zauren Zetra na rawar ƙanƙara da hoki, da filin tseren takalmin ƙanƙara a gefensa, matsallaka biyu na tsallen zamiya a Igman, hanyar bobsile mai tsawon kimanin mita 1,300 a Trebević, unguwar Mojmilo ta masaukin 'yan wasa, unguwar Dobrinja ta 'yan jarida, da otal ɗin Holiday Inn mai launin ɗorawa a tsakiyar gari. Akwai wata dabara da nake jin daɗin ba da labarinta. Ƙa'idar tseren gangara na maza ta ce bambancin tsayi tsakanin mafari da ƙarshe ya kai mita 800. Da aka auna hanyar Bjelašnica sai ta gaza da 'yan mitoci. Maimakon a nemi wani dutse, sai suka gina gidan abinci a ƙololuwar, suka ɗora mafarin tseren a samansa, 'yan wasa suna fitowa daga cikin gini su faɗa kan dutsen.

Duk wannan an yi shi ne ƙasar tana cikin matsi. Tito ya rasu a Mayun 1980, ya bar bashin waje da ya doshi dala biliyan 20. Farashi na hawa, ana ɗauke wuta, kofi da mai sun zama sai an bi layi. Kuɗin gasar ya fito ta hanyoyi da dama: gwamnatin tarayya da jamhuriyoyi sun ba da nasu, ma'aikatan Sarayebo sun yarda a riƙa cire wani abu daga albashinsu, sannan gidan talabijin na ABC na Amurka ya biya dala miliyan 91.5 don haƙƙin nuna wasannin, kuɗin da ya ninka na 1980 kusan sau shida. Da aka rufe lissafi an samu rara, ba giɓi ba. Branko Mikulić ne ya shugabanci kwamitin shirye-shiryen, kuma bayan shekara biyu ya zama firaministan Yugoslabiya. Alamar gasar ɗan kyarkeci ce mai suna Vučko, wanda mai zane Jože Trobec ɗan Sulobeniya ya ƙirƙira, masu karanta jaridu suka zaɓe shi da ƙuri'a. Har yau ana sayar da hotonsa a kasuwar garin.

Ana gab da farawa hankalin masu shiri ya tashi, don dusar ƙanƙara ta yi ƙaranci. Sai ta zo a kan kari, ta kuma wuce gona da iri. An buɗe gasar a filin Koševo, inda 'yar wasan rawar ƙanƙara Sanda Dubravčić ta kunna wutar Olamfik, daga nan guguwa ta rufe duwatsun kwana da kwanaki. Sojoji da 'yan sa-kai dubbai suka riƙa fita da dare suna share hanyoyi, suna tattake filayen zamiya. Tseren gangara na maza da aka sa ranar 9 ga wata bai yiwu ba sai ranar 16. A ranar 9 ɗin ce kuma shugaban Tarayyar Sobiyet Yuri Andropov ya mutu, aka ci gaba da wasa.

Ranar da ta fi kowace a tarihin gasar ita ce 14 ga Fabrairu, kuma abu biyu ne suka faru. Da rana, a Bjelašnica, wani matashi ɗan Sulobeniya mai suna Jure Franko ya zo na biyu a babban tseren kauce-wa-sanda, bayan Max Julen na Suwizalan. Azurfa ce, amma ita ce lambar farko da Yugoslabiya ta taɓa samu a Olamfik ta hunturu, kuma ita kaɗai ta samu a gidanta. Da dare jama'a suka cika dandalin Skenderija, wasu na ɗauke da kwalin da aka rubuta cewa suna son Jurek (Jure ke nan) fiye da burek, wato naɗaɗɗen burodin nan mai nama da mutanen garin ba sa haɗa shi da komai. Ka lura, Basulobene ne, amma Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawan Sarayebo suka ɗauke shi nasu.

A daren nan a zauren Zetra, Jayne Torvill da Christopher Dean na Birtaniya suka yi rawar ƙanƙara da kiɗan Boléro. Ita ma'aikaciyar kamfanin inshora ce a da, shi kuma ɗan sanda, dukansu daga Nottingham. Ƙa'ida ta ba su minti huɗu da rangwamen daƙiƙa goma, kiɗan kuwa duk yadda aka datse shi bai sauka daga minti huɗu da daƙiƙa 28 ba. Da suka duba dokar sai suka ga agogo ba ya fara aiki sai takalmi ya fara tafiya a kan ƙanƙara, saboda haka suka yi daƙiƙoƙin farko a durƙushe suna motsa jiki da hannuwa. Alƙalai tara duk suka ba su cikakken maki 6.0 a ɓangaren ƙayatarwa, abin da ba a taɓa yi ba a Olamfik, wasu uku kuma suka ƙara musu 6.0 a ɓangaren ƙwarewa. Mutum kusan miliyan 24 suka kalla a Birtaniya.

Sauran zan taƙaita. Bill Johnson na Amurka ya cika baki tun kafin tseren gangara cewa sauran su yi ta kokawar neman na biyu, ya kuma ci. Tagwaye Phil da Steve Mahre sun ɗauki zinare da azurfa a ranar ƙarshe. Marja-Liisa Hämäläinen ta Finlan ta lashe duk tseren dogon zango uku na mata, kilomita 5 da 10 da 20. Katarina Witt ta Jamus ta Gabas, tana da shekara 18, ta ci rawar ƙanƙara ta mata. Sobiyet ta karɓo kambun hoki da ya kuɓuce mata a 1980. A teburin lambobi Jamus ta Gabas ce kan gaba da zinare 9, Sobiyet na da 6. Wannan teburi ina karanta shi da taka-tsantsan, domin bayan haɗewar Jamus a 1990 takardu sun nuna cewa gwamnatin Gabas tana da shiri na ba 'yan wasa ƙwayoyin ƙara kuzari, har da yara mata da ba su san abin da ake ba su ba. Ban ɗora wa kowane ɗan wasa laifi da suna ba, amma tsarin ya tabbata. Akwai kuma rashin adalcin da aka yi wa Ingemar Stenmark na Suwidin, gwanin zamiya na zamaninsa: an hana shi shiga wai don yana karɓar kuɗin talla kai tsaye, alhali 'yan wasan ƙasashen gurguzu gwamnati ce ke ci da su, wasa ne aikinsu dare da rana.

Batun Afirka, e, an je, kuma daga yankinmu. Lamine Guèye na Senegal, haifaffen Dakar a 1960, jika ga sanannen ɗan siyasar nan mai wannan suna, shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya shiga Olamfik ta hunturu. Ya koyi zamiya a Turai, ya kafa hukumar wasan ta Senegal da kansa a 1979, don ba yadda za a yi mutum ya shiga gasa ƙasarsa ba ta da hukuma. Bai zo kusa da lamba ba, amma ya kammala tseren gangara a Bjelašnica, ya kuma sake zuwa a 1992 da 1994. Masar ma a Sarayebo ta fara shiga, Maroko kuwa ta riga su tun 1968. Abin da ya sauƙaƙa wa ƙananan ƙasashe shi ne kwamitin duniya, a ƙarƙashin sabon shugabansa Juan Antonio Samaranch, ya ɗauki nauyin namiji ɗaya da mace ɗaya daga kowace ƙasa, adadin ƙasashe ya tashi daga 37 a 1980 zuwa 49. Daga baya an tsaurara sharuɗɗan cancanta, kuma Guèye ya daɗe yana sukar hakan da cewa an rufe wa ƙasashe masu zafi ƙofa. Ghana ta fara zuwa a 2010, Najeriya sai a 2018 a Koriya ta Kudu, da matan bobsile ƙarƙashin Seun Adigun, da Simidele Adeagbo a wani wasan gangara.

Yanzu ga abin da ya samu wuraren. A Afrilun 1992, bayan Bosniya ta ayyana 'yancin kai, dakarun Sabiyawan Bosniya, da makaman tsohuwar rundunar Yugoslabiya, suka hau duwatsun nan da suka sa aka ba garin gasar. Kusancin da ya sa ɗan kallo ke barin otal ya isa filin wasa cikin ɗan lokaci, shi ne ya sa mai igwa a Trebević ke ganin titunan garin ɗaya bayan ɗaya. Katangun simintin hanyar bobsile suka zama maɓoyar mayaƙa, aka huda ramuka a jikinsu don bakin bindiga. Garin Pale da ke gindin Jahorina, inda mata suka yi tserensu, ya zama hedikwatar Radovan Karadžić, shugaban Sabiyawan Bosniya. Ƙawanyar ta ɗauki kwana 1,425, har zuwa ƙarshen Fabrairun 1996. An ƙiyasta cewa harsashin igwa 329 ke faɗa wa garin a kowace rana, ranar 22 ga Yulin 1993 kuwa an ƙirga 3,777. Sama da mutum dubu 11 suka mutu, cikinsu har da yara masu yawa.

An ragargaza zauren Zetra tun a 1992, aka yi amfani da katakon kujerunsa wajen yin akwatunan gawa. Da maƙabartu suka cika, filin atisaye da ke gefen Koševo ya koma maƙabarta, kuma kaburburan suna nan. Gidan tarihin Olamfik ya ƙone da wutar igwa. Holiday Inn ya zama masaukin 'yan jaridar da suka riƙa aiko da rahotannin da ka ji a rediyo, yana kallon titin da maharba daga ɓoye suka addaba. Dobrinja ta zama bakin daga, kuma daga can aka haƙa ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kimanin mita 800 a 1993, ya bi ta ƙarƙashin filin jirgin sama ya ɓulla Butmir. Daga nan hanya ta hau Igman, ɗaya daga cikin 'yan hanyoyin da suka rage wa garin na shigar abinci da magani da makamai. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Hague ta yanke wa Karadžić da kwamandojin dakarunsa Ratko Mladić da Stanislav Galić ɗaurin rai da rai, kuma abin da aka yi wa fararen hular Sarayebo na cikin laifuffukan da aka same su da su.

A Fabrairun 1994, shekara goma cif da gasar, harsashi ya faɗa kasuwar Markale ya kashe mutum 68, mako ɗaya kafin a buɗe Olamfik ta Lillehammer a Norway. Samaranch ya bar wajen gasar ya je Sarayebo da kansa. Bosniya ta tura 'yan wasa Lillehammer duk da yaƙin, kuma motar bobsile tata ta ɗauki Musulmi biyu da Basabiye ɗaya da Bakuroshe ɗaya.

Sau da yawa nakan ji ana cewa gasar 1984 rufa-rufa ce, an shafa wa ƙasar da ta riga ta tsage fenti don baƙi. Ban yarda da wannan ba, ko da yake ba na cewa komai lafiya yake. Watanni shida kacal kafin gasar, a Agustan 1983, wata kotu a Sarayebo ta ɗaure wasu masana Musulmi saboda rubuce-rubucensu, cikinsu har da Alija Izetbegović da aka yanke wa shekara 14. Yana kurkuku aka yi gasar, shi ne kuma ya zama shugaban Bosniya a lokacin ƙawanyar. To ka ga gwamnatin ba ta jure wa mai saɓa mata. Amma zaman tare da baƙi suka gani a garin gaskiya ne: masallaci da cocin Katolika da na Otodoks da wurin ibadar Yahudawa duk a 'yan taku kaɗan da juna, auratayya tsakanin al'ummomin kuma ba baƙon abu ba ce. Wannan zaman ne 'yan siyasar ƙabilanci suka yi aiki tuƙuru wajen rusawa a ƙarshen shekarun 1980, bayan tattalin arziki ya durƙushe. A lokacin ƙawanyar ma akwai Sabiyawa da Kuroshiyawa da suka zauna a cikin garin, igwa ɗaya ta riƙa faɗa musu da maƙwabtansu Musulmi. Wanda ya ce 1984 ƙarya ce, yana sauƙaƙa wa waɗanda suka kunna wutar, kamar dai yaƙin dole ne ya zo.

Bayan yarjejeniyar Dayton ta 1995 da ta kawo ƙarshen yaƙin, iyakar cikin gida ta raba wuraren wasan: Bjelašnica da Igman suna ɓangaren tarayyar Musulmi da Kuroshiyawa, Jahorina tana ɓangaren Sabiyawa, layin kuma ya ratsa Trebević. An sake gina Zetra a 1999 da tallafin kwamitin duniya, daga baya aka sa masa sunan Samaranch. Bjelašnica da Jahorina sun farfaɗo, masu yawon buɗe ido na zuwa zamiya duk hunturu. Trebević ya daɗe mutane na tsoronsa saboda nakiyoyin da aka binne, sai da aka share su, aka kuma maido da motar igiya mai hawa dutsen a Afrilun 2018. Hanyar bobsile ba a mayar mata da injinan daskarar da ruwa ba. Masu zane da masu keke ne ke morarta, wasu 'yan wasa kuma na atisaye a kanta da rani da abin zamiya mai taya. Gidan tarihin ya sake buɗewa a 2020.

A Fabrairun 2019 Sarayebo da Sarayebo ta Gabas, wato ɓangaren Sabiyawa, suka haɗu suka karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta matasan Turai. Tun 2017 ya kamata su yi ta, amma shiri bai kammala ba, suka yi musaya da birnin Erzurum na Turkiyya. An buɗe ta a Koševo, aka raba wasanni takwas tsakanin ɓangarorin biyu. Babu tsallen zamiya a cikinsu, domin matsallakan Igman ba a gyara su ba tun bayan yaƙin.